Daga Maigatari zuwa Samaru da ƙullin zoɓo

Zoɓon da ake shukawa a gefen gonakin gero da gyaɗa na arewacin Jigawa yana tafiya mai nisa. Daga ƙauyuka yake taruwa a kasuwannin Maigatari da Gumel, a kai shi Kano a tsince, a danna a buhu, a loda a kwantena zuwa Legas, da yawansa kuma a Meziko yake sauka, inda suke jiƙa shi su sha da ƙanƙara kamar yadda muke yi. Namu ƙullin iyakarsa Zariya. Ɗiyar yayata ce take karatun digiri na biyu a fannin kimiyyar magunguna, aikin da aka ba ta kuwa shi ne ta auna ƙarfin antioksidan da ke cikin zoɓo iri-iri, wato ƙarfin sinadaran da ke hana iskar oksijin ɓata abu. Mahaifiyarta ta ce ba za ta je kasuwar bakin iyaka ita kaɗai ba, sai rakiyar ta faɗo kaina.

Ranar Alhamis Maigatari take ci. Shanu da raƙuma da tumakin da suka tsallako daga Nijar su ne suka yi wa kasuwar suna, ƙurar da suke tayarwa kuma tun daga nesa ake hango ta. 'Yan zoɓo suna can gefe, buhuna a buɗe, ja ya cika wuri. Wani dattijon dillali muka tsaya wa. Ya damƙo zoɓo a tafin hannu, ya matse, ya kasa kunne ga ƙarar da ya yi, ya ɗaga shi sama ya duba launin, ya ce wannan na bana ne kuma ya sha bushewa sosai. Ya damƙo na wani buhu ya ce wannan na bara ne, ga shi nan ya fara koɗewa zuwa ruwan ƙasa. Da ido da kunne kaɗai ya yi cikin ɗan lokaci abin da mu za mu yi tafiyar ɗaruruwan kilomita mu yi da na'ura.

Ɗiyar yayata ta sayi na bana mai duhun ja, ta sayi na bara, ta nemi wanda aka shanya a inuwa da wanda aka baza a tsakar rana, sannan ta ƙara da farin zoɓo. Kowanne a ambulan ɗin takarda ta zuba, ba a leda ba, don kada ya yi gumi ya yi fumfuna, ta rubuta wuri da kwanan wata a bayansa. Dillalin yana kallonta har ta gama.

"Malama, injin naku zai faɗa muku yana maganin hawan jini?"

"A'a, Alhaji. Abin da ke cikinsa kawai zai nuna mana."

"To ai mu mun san abin da ke cikinsa," in ji shi, ya ɗaure bakin buhu.

Wannan tambaya tasa ita ce na yi ta juyawa a raina a kan hanyar Gumel zuwa Kano, domin ni ma haka na zaci aikin yake.

A Kano muka kwana. Da safe ta ce kafin mu kama hanya mu biya ta marinar Ƙofar Mata, wai a can zan fi gane abin da za a auna. Muka tsaya kan wani marini yana tsamo zane daga karofi. Zanen ya fito kore-kore mai ratsin rawaya, yana ɗaga shi cikin iska sai ya soma rikiɗa, a gaban idonmu ya koma shuɗi. Ta ce, "Kawu, ka ga aikin oksijin ke nan. Ya ƙwace wa sinadarin baba elektron, launi ya canza." Shi ne yake sa ƙarfe tsatsa, shi yake sa yankakkiyar doya ta yi duhu, shi yake sa man gyaɗan da ya daɗe ya sauya wari. A jikin mutum ma, yayin da ƙwayoyin halitta suke ƙona abinci su fitar da ƙarfi, wasu 'yan gutsattsarin sinadari kan kuɓuce ɗauke da elektron guda wanda ba shi da abokin haɗi. Masana suna ce musu radikal. Ba sa zama lafiya sai sun fizgo elektron daga abin da ke kusa, ko kitsen bangon ƙwayar halitta ne, ko furotin, ko DNA, wanda aka fizga ɗin kuma shi ma ya juya kan na kusa da shi. Antioksidan shi ne sinadarin da ke miƙa elektron ko hayidurojin nasa ya tsayar da wannan sarƙar ba tare da shi ya zama mugu ba.

A tashar Unguwa Uku, muna jiran mota ta cika, wani mai tallar magani ya leƙo ta taga da kwalabe a jaka. Yana lissafo cututtuka, daga basir har ciwon daji, yana nuna wata lamba a jikin kwalbar yana cewa an auna a turai, antioksidan ɗinsa ya ninka na lemo. Wata tsohuwa a kujerar gabanmu ta kwance bakin zane ta saya. Abin ya tsaya mini a rai, don na ga kuɗin da ta ƙirga, kuma na ji tana gaya wa ta kusa da ita cewa sukari ke damunta.

Hanyar Zariya kowa ya san ta. Shinkafar Kura kore shar saboda ruwan Tiga, Kwanar Ɗangora, masu rake da mazarƙwaila a Tashar Yari, sai ga gadar Kwangila. Daga nan muka juya Samaru, inda Jami'ar Ahmadu Bello take tun 1962.

Aikin farko ba na na'ura ba ne. Sai da aka kai busasshen reshe mai ganye da fure ɗakin adana tsirrai, masanin wurin ya tabbatar cewa Hibiscus sabdariffa ne, ya ba shi lamba. In babu wannan, wanda ya karanta sakamakon daga baya ba shi da hanyar sanin ainihin tsiron da aka auna. Bayan haka aka niƙa kowane zoɓo daban, aka auna gari a sikeli, aka jiƙa wani kaso a metanol, wani a ruwa, aka tace, aka tsotse ruwan a wata kwalba mai juyawa cikin ruwan ɗumi da bai wuce maki 40 ba, don zafi mai yawa yana lalata sinadaran da ake nema. Abin da ya saura wani ɗanko ne ja mai duhu a gindin kwalba. Wannan ɓangaren ya ci lokaci fiye da duk sauran, kuma babu abin kallo a cikinsa sai haƙuri.

Ma'aikacin da ke kula da ɗakin gwajin dattijo ne mai ƙarancin magana, ɗalibai duka Malam suke ce masa. Shi ya buɗe firji ya ɗauko wata 'yar kwalba da ba ta fi babban yatsa ba, a naɗe da takardar alminiyam. A cikinta akwai gari baƙi-baƙi mai ɗan ƙyalli. DPPH ke nan. Daga waje ake shigo da shi, da dala ake saye, ɗalibai sukan haɗa kuɗi su sayi kwalba ɗaya su raba. Shi ma radikal ne, amma na daban: ginin jikinsa ya bar elektron ɗin nan guda ya bazu a ko'ina, don haka ba ya saurin afka wa abu, ana iya ajiye shi a kwalba watanni. Jamusawa biyu, Goldschmidt da Renn, suka fara haɗa shi a 1922. A 1958 Marsden Blois na Jami'ar Stanford a Amurka ya wallafa ɗan gajeren rubutu a mujallar Nature yana nuna cewa za a iya auna antioksidan da shi. A 1995 Brand-Williams da abokan aikinsa a Faransa suka tsara hanyar da yawancin ɗakunan gwaji suke bi a yau.

Malam ya auna kusan miligiram 4, abin da idona da ƙyar ya gani a kan takarda, ya narka a mililita 100 na metanol. Nan take ruwan ya zama shunayya mai zurfi, launi mai kyan gaske. Ya sake naɗe kwalbar, don haske yana cinye shi.

Dabarar mai sauƙi ce. Wannan launin na radikal ɗin ne. Da zarar wani sinadari ya ba shi hayidurojin, ya daina zama radikal, launin ya dusashe zuwa rawaya mai haske. Yawan dusashewar shi ne ma'aunin ƙarfin abin da aka zuba. Ɗiyar yayata ta jera kwalaben gwaji, ta tsarma ruwan kowane zoɓo mataki-mataki daga mai kauri zuwa tsararo, kowane mataki sau uku, domin hannun mutum yana kuskure kuma awo ɗaya ba hujja ba ne. A wani layin ta jera bitamin C, shi ne abin kwatance. Ta bi su da fifet tana ɗiga DPPH daidai wa daida. Na bitamin C mai kauri tun kafin ta kai ƙarshen layi ya washe. Aka tura su duka cikin kabad aka rufe, minti 30 a duhu.

Na'urar awon, sifektirofotomita, akwati ce fara mai ɗan murfi. Ana zuba ruwan a wani ƙaramin mazubi mai kusurwa huɗu, faɗinsa santimita ɗaya, a saka a ciki, fitila ta harba haske ta cikinsa, na'urar ta faɗi yawan hasken da ruwan ya shanye. Ba kowane haske ba, wanda tsawon zangonsa yake nanomita 517, domin a nan DPPH ya fi sha. Ana fara karanta DPPH zalla, sannan a karanta wanda aka haɗa da zoɓo, a cire na biyu daga na farko, a raba da na farko, a ninka da 100. Abin da ya fito shi ne kaso nawa cikin ɗari na radikal ɗin aka kashe. Daga matakan nan ake zana layi a gano yawan ruwan zoɓon da ke kashe rabi daidai. Shi ake kira IC50, kuma ƙanƙantarsa ita ce ƙarfi: abin da ɗan kaɗan ɗinsa ya isa ya fi wanda sai an tula.

A nan ne na ga amfanin gogaggen ma'aikaci. Kwalaben jan zoɓo masu kauri ba su koma rawaya ba, ja-ja suka tsaya, lambobin kuma suka ƙi sauka yadda ya kamata. Malam ya ɗaga ɗaya ya duba ta fuskar taga.

"Ina wanda babu DPPH a ciki?"

"Ga shi can, Malam, na haɗa."

"Karanta shi tukuna."

Jan launin zoɓo daga sinadaran antosiyanin yake, manyansu guda biyu dangin delfinidin da sayanidin, kuma su ma hasken da ke wajen nanomita 520 suke sha, dab da inda ake karanta DPPH. Na'ura ba ta san bambanci ba, duk abin da ya tare haske lissafa shi take yi. Wanda bai auna launin zoɓon shi kaɗai ya cire daga lissafi ba, zai fito da sakamakon da ya rage wa zoɓo ƙarfi, ya rubuta a kundinsa, wani ya kwafa. Malam ya ce ya sha ganin haka a rubuce-rubucen da aka wallafa. Saboda wannan matsalar ne ma malamin da ke duba aikinta ya ce kada ta tsaya a gwaji ɗaya.

Sauran gwaje-gwajen na bi su sama-sama. Akwai ABTS, wanda ake haɗawa tun daren jiya a bar shi awa 12 zuwa 16 a duhu ya zama shuɗi mai kore, a karanta shi a nanomita 734, can nesa da jan zoɓo. Akwai FRAP na Benzie da Strain, na 1996, wanda shi launi ƙaruwa yake yi, ruwan ya yi shuɗi idan sinadarin ya ba wa ƙarfe elektron, a karanta a 593. Akwai na Folin da Ciocalteu, wanda asalinsa a 1927 don furotin aka yi shi, sai Singleton da Rossi suka karkatar da shi a 1965 zuwa auna sinadaran fenol a Kalifoniya. Shi kuma aibinsa bitamin C da wasu nau'o'in sukari suna ruɗa shi. Kowanne da makantarsa, kuma ba lallai su jera samfura a tsari ɗaya ba.

Da aka gyara lissafi, jan zoɓon bana ya zo gaba, na bara ya biyo baya, yadda dillalin Maigatari ya faɗa da idonsa. Farin zoɓo bai tashi a banza ba, don akwai wasu sinadaran fenol a cikinsa ban da masu launi. Kafin a tashi na roƙi a gwada mini abu ɗaya. Na san a gidaje da yawa ana jefa 'yar kanwa a zoɓo don a kashe tsami. Malam ya narka ƙwaya ɗaya ya ɗiga a ruwan zoɓo, jan ya juya shuɗi mai duhu, da aka ƙara ya koma kore-kore mara kyan gani. Antosiyanin a cikin tsami yake zaune lafiya, in aka kashe tsamin ya soma rushewa. Wannan abu ne da mai dafa zoɓon sayarwa za ta amfana da saninsa.

Da yamma, muna zaune a ƙarƙashin bishiyar darbejiya a bakin sashen, na maimaita wa malamin nata tambayar dillalin. Ya ce amsar da ta bayar ita ce daidai, ya kuma yi mini bayanin da ya sauya yadda nake kallon duk lambobin da na wuni ina gani.

DPPH babu shi a jikin ɗan Adam. Jini ba metanol ba ne. Radikal ɗin da jiki ke samarwa suna rayuwa ne ƙasa da ƙiftawar ido, a wasu lunguna na ƙwayar halitta. Antosiyanin ɗin da mutum ya sha sai ya bi ta ciki, ya bi ta hanji, ƙwayoyin bakteriyar hanji su farfasa shi, hanta ta sauya abin da ya tsallake, ɗan kaɗan ƙwarai ne yake isa jini da siffarsa ta asali. Ga shi kuma jiki yana da nasa masu tsaron, irin su katales da gulutatayon da sinadarin SOD wanda McCord da Fridovich suka gano aikinsa a 1969. Radikal ɗin ma ba duka ne abokan gaba ba, da su fararen ƙwayoyin jini suke kashe ƙwayoyin cuta. Ya ce auna zoɓo a kwalba kamar duba doki ne a turke: za ka ga ƙirarsa da lafiyarsa, amma sai an hau an yi sukuwa ake sanin gudunsa.

An kuwa yi sukuwar, sakamakon ya girgiza mutane. Tun da Denham Harman ya kawo ra'ayin cewa radikal ne ke jawo tsufa a 1956, aka ɗora babban fata a kan ƙwayoyin antioksidan. A Finlan aka gwada a kan maza masu shan taba fiye da 29,000, aka ba wasu bita-karotin, aka wallafa sakamako a 1994: kansar huhu ta ƙaru da kashi 18 cikin ɗari a cikin waɗanda suka sha. Wani gwajin makamancinsa a Amurka, mai suna CARET, dakatar da shi aka yi a 1996 kafin lokacinsa saboda irin wannan dalili. Ma'aikatar noma ta Amurka ta taɓa wallafa jerin abinci da makin antioksidan ɗinsu bisa gwajin ORAC, sai ta janye shi gaba ɗaya a 2012, tana mai cewa kamfanoni suna talla da lambobin alhali ba su nuna abin da ke faruwa a jiki ba. Irin lambar da mai tallar Unguwa Uku yake nuna wa tsohuwar nan ke nan, kuma ina ganin zalunci ne a karɓi kuɗin mara lafiya da ita.

Wannan bai rage wa zoɓo daraja ba. Hujjar da ake da ita a kansa ta wata hanya ta zo, ta gwaji a kan mutane. A Jami'ar Tufts da ke Amurka an ba manya 65 masu ɗan hawan jini ko dai shayin zoɓo kofi uku a rana ko wani abin sha mai kama da shi, tsawon mako shida, aka wallafa a 2010. Lambar sama ta awon jinin masu shan zoɓon ta sauka da kusan maki 7, ta sauran da kusan maki ɗaya. Ƙaramin gwaji ne, ba da sukari aka cika kofunan ba kamar yadda muke yi, kuma bai ce kowa ya ajiye maganin asibiti ba. Bai kuma tabbatar da cewa ƙarfin antioksidan ne ya yi aikin ba. Amma shi ne irin gwajin da ke amsa tambayar Alhaji, kuma abin takaici ne a ce mu da muke noma zoɓon ba mu ne kan gaba wajen yin irinsa da yawa ba. Yana bukatar likitoci, da izinin kwamitin ɗa'a, da kuɗin da ɗalibar digiri na biyu ba ta da su, shi ya sa kundi bayan kundi yake tsayawa a kwalbar shunayya, a rufe da jimlar cewa tsiron zai iya zama magani.

Ni a ganina amfanin wannan kwalbar yana wani wuri da ya fi kusa da manomi. Za ta iya faɗa mana, da lamba, nawa ake asara idan aka baza zoɓo a ƙasa cikin rana maimakon a kan tabarma a inuwa, wata nawa buhu zai yi a sito kafin ya faɗi, wane iri ne ya fi riƙe launi, minti nawa na tafasa ya isa. Matan da suke wuni suna ɓare zoɓo daga gurguzunsa, ƙaiƙayin yana cin hannayensu, su ne suke karɓar mafi ƙarancin kuɗi a duk tafiyar da ke ƙarewa a Meziko. In shanya mai kyau tana ɗaga darajar kaya, kuma akwai awon da zai tabbatar wa mai saye, to wannan ilimi ne da zai iya shiga aljihunsu.

Washegari kafin in tafi tasha ta nuna mini babin ƙarshe da ta fara tsarawa. Jimlar da ke cewa sakamakon ya nuna zoɓo yana kare jiki daga cututtuka ta soke ta da biro, ta rubuta a gefe cewa sakamakon na cikin kwalba ne, kuma ya nuna bambanci tsakanin sabo da tsoho. Samfurin inuwa da na rana ba za ta dogara da su ba, tunda daga gonaki daban suka fito, maganar dillali kawai gare ta a kan yadda aka shanya su. Malaminta ya ce ta koma lokacin girbi, ta sayi ɗanyen zoɓo daga gona guda, ta raba shi da hannunta ta shanya.

"Kawu, sai ka sake shiri," in ji ta. "Wannan karon har cikin gona za mu shiga."